Ranar da Aka Hana Jariri Wanka

Yayata likita ce, amma ba ta duba marasa lafiya. Aikinta tattara binciken da likitoci suka yi a kan abu ɗaya, ta tace, ta fitar da abin da ya tabbata. Inna, mahaifiyarmu, ba ta taɓa gane wannan aiki ba. In maƙwabta suka tambaya, sai ta ce, "Har yanzu karatu take yi."

Da matata ta haifi namiji a wani ƙaramin asibiti a Digil, Inna ta iso daga Mubi da ruwan zafi da sabulu. Ungozoma ta ce a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa, wanka sai gobe, kada sanyi ya kama shi. Inna ta fusata, ta sa na kira mata Yaya don ta kai ƙara.

Yaya ta yi ta dariya a waya. "Inna, ai da hannuna a ciki. Da ni aka tace binciken da ya kawo wannan shawara."

"Au! Ashe ke kika hana angona wanka?"

Ta yi ƙunƙuninta, ta haƙura. Washegari ita ta wanke shi da kanta, tana gaya wa matan ɗakin cewa 'yarta ce ta kafa dokar.