Makullin Motar Asibiti

Wai an ce mijin matar nan da ake kira Direba ne ya haifi autarsu da kansa, ita kuwa tana bakin ƙofa tana latsa odar mota. Ƙarya ce tsagwaronta! Goyo kawai yake yi, shi ma zanin kullum a karkace, yarinya tana lilo kamar buhu a bayan jaki. Tela ne, kekensa a ɗaki yake, ƙafa ɗaya a kan feda, ido ɗaya a kan tukunya. Ita kuwa Direba shekararta goma sha ɗaya tana tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya ta ƙaramin asibitin unguwa. Ramukan titi har gaishe ta suke yi. Bokiti da tsumma ba sa barin bayan kujerarta, don jinin da ya zuba a motar ita ke wanke shi.

Wata safiya aka kira ta: magini ya faɗo daga bene. Ta iske shi kwance a kan yashi, kunnensa yana jini, ƙannensa uku sun kewaye shi. Babbansu ya leƙa motar, ya sake leƙawa.

"Ina direban?"

"Ga ni. Ku kama ƙafafunsa."

"Haba baiwar Allah, ran yayanmu a hannun mace? Kawo makullin, ni zan ja."

"Doka ta hana. Malam, numfashinsa yana sauka, ku kama!"

Suka tsaya musu. Ɗaya ma ya tafi neman mai tasi. Sai da matar maginin ta yar da mayafi ta kama ƙafafu, Direba ta kama kafaɗu, suka cusa shi ciki. Ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba. A ƙofar asibiti ya cika.

Ƙannen suka kai ƙara, wai taurin kanta ne ya kashe shi. Kwamiti ya zauna, maza biyar da kwalbar ruwa biyar. Matar mamacin tana takaba, ba wanda ya je ya tambaye ta. Aka ce ba laifin Direba ba ne, amma don a zauna lafiya ta ajiye makullin. Aka miƙa shi ga wani da bai gama iya ribas ba, ita kuma aka tura ta ɗakin wanki.

Ran da ta dawo da hannu duk sabulu ya ci, Tela ya zuba mata abinci ya koma kan keke. Wani ɗan kawunta ne, wanda bakinsa ba ya hutu, ya leƙo daga ƙofa.

"Direbar zannuwa! Giya nawa dutsen guga yake da shi?"

Ta amsa masa ba tare da ta ɗago ba.

"Yi dariyarka. Zannuwan nan da su ake rufe waɗanda ba su iso da rai ba, kuma tun da aka canja direba ba sa isarmu. In ware maka ɗaya?"