Maƙwabciyar da Iya Fanna ta ƙara

Ni tun ina yarinya ban iya jira ba. A gidanmu na Birni, in an yi isha'i, kakata Iya Fanna takan jawo murhu tsakar gida, ta baza gyaɗa a toka, ta fara tatsuniya. Kafin ta kai rabi na ce, "Iya, faɗi ƙarshen kawai." Sai ta ce, "Ke dai da ke aka bari, da a wata uku za ki fito ciki."

Da na shiga kolej aka ba mu wani littafin faransanci, labarin wani tsohon malamin lekol, wato makarantar boko, da aka sallama daga aiki, ya kama ɗaki a saman bene a wata ƙasa mai sanyi. Iya ta ga kullum kaina na ciki, ta ce, "Wannan da ya hana ki sauraro na, kawo shi nan mu ji." Na riƙa karantawa ina juya mata da Hausa. Washegari ita kuma ta ba ƙannena labarin, da muryarta, kamar a gabanta aka yi. Har suna ta raɗa masa, Malam Shiru.

A bakinta, ciwo ya kwantar da Malam Shiru, ba ɗa ba jika. Sai wata maƙwabciya mai faɗan tsiya ta lura tagarsa ba ta buɗe ba. Ta hau benen tana mita, ta banke ƙofa da kwanon kunu. Iya takan ƙanƙance ido ta yi muryarta: "Tashi ka sha, tsohon banza! In za ka mutu, ka mutu da abu a ciki." Mu yi ta dariya har gyaɗa ta ƙone. A hannun matar nan ya cika, tana masa faɗa.

Iya ta rasu da daɗewa. Yanzu ina aikin sakatariya a wani buro a Damagaram Takaya, ina zaune a ɗaki ɗaya a gidan haya, ni kaɗai. Matan gidan sun gwada ni da hira, na nuna ba na so, suka bar ni. Kwanakin baya na ga littafin a wurin masu baza tsofaffin littattafai a Zinder, na saya. Da zazzaɓi ya kwantar da ni na ɗauko shi, ba don malamin ba. Matar nan nake nema, in ji muryar Iya ko sau ɗaya.

Wannan karon ban tsallake ko layi ba. Malamin ya kwanta, tagar ta rufe, ina ta jira a hau benen. Ba wanda ya hau. Mai gidan haya ne ya tarar da gawarsa. Na koma baya na sake dubawa, na ce ko an yage shafi ne. Ba a yage komai ba. Babu wata maƙwabciya a littafin.

Ashe ni na karanta mata gaskiyar ƙarshen, ita ta ƙi shi. Ba ta yi mini gardama ba, ta dai ƙi barin mutum ya mutu ba kowa a kansa, ko da na takarda ne. Ta saka matar, ta yi ta maimaitawa har na manta ba haka aka rubuta ba.

Na ajiye littafin. A tsakar gida ina jin matan suna daka, suna kiran sunan juna. Marubucin ya san irin ɗakin da nake kwance a ciki. Iya ce ba ta taɓa yarda akwai irin wannan ɗaki ba.