Biyu Ne, Bahago

Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina kan tsani ina ɗaura fanka a gidan wasu mutane, wayata ta yi ƙara. Yaya ce. Ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Abokin musunka ya tafi." Na sauko a hankali, na zauna a matakalar ƙasa, na ce na Allah muke, kuma wurinSa muka nufa. Mijin yayata, malamin lissafi, wanda duk mai son ƙwallon kwando a garin nan ya sani da Bahago, Allah Ya karɓi abinSa bayan doguwar jinya.

Bahago, jama'a sun faɗi alherinka a wurin gaisuwa, kuma ba su yi ƙari ba. Ni kuwa akwai maganar da ta tokare ni tun kana raye, wadda ban samu bakin faɗa maka ba. Ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, ni da na fi sabawa da filaya.

Sama da shekara talatin ke nan da muka haɗu, kuma ba haɗuwar arziki ba ce. Kai kana kwalejin horas da malamai, masu shuɗiyar riga, ni ina kwalejin fasaha, masu jar riga. Tsakanin makarantun nan biyu ko gaisuwa sai an yi ta da harara. Muka haɗu a wasan ƙarshe na cin kofin kwalejoji, koci ya ce aikina ɗaya ne, in manne maka duk inda ka sa ƙafa. Na manne maka har ka raɗa mini sunan da ya bi ni zuwa furfura: Kaska.

Ga wanda bai san wasan ba, akwai wani layi da ake zanawa a lanƙwashe gaban kwando. Wanda ya jefa daga bayansa ƙwallo ta shiga, maki uku ne. Wanda ƙafarsa ta taɓa layin, ko da bakin takalmi ne, maki biyu. Muna gaba da maki uku, lokaci ya zo ƙarshe, aka miƙo maka ƙwallo. Ka yi tsalle ina jikinka, ka sake ta da hannun hagun nan naka, ta faɗa kwando ko ƙarfen ba ta taɓa ba. Mutanenku suka ɓarke da ihu, sun ɗauka an yi kunnen doki, za a shiga ƙarin lokaci. Sai alƙalin wasa ya ɗaga yatsu biyu. Ya ce ka taka layi. Muka ɗauki kofi da ratar maki ɗaya.

Washegari ka ƙwanƙwasa ƙofar gidanmu. Ban san wanda ya kwatanta maka ba. Ka zo ne wai in faɗi tsakanina da Allah abin da na gani. Na ce ka taka, ka ce ban ji tsoron Allah ba. Yaya ta kawo maka ruwa don muryarka ta dishe. Ka dawo jibi, ka dawo gata. Mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙan ta, ita ta fara ganowa, ta ce yaron nan idonsa ba a kan layi yake ba. Shi ya sa nakan ce ni na ɗauki kofi, kai ka ɗauke mini yaya, kuma duk da haka ba ka yarda an biya ka ba.

Mun yi musun nan a shagon aski, mun yi shi a mota, mun yi shi a barandar asibiti ranar da aka haifi babban ɗanku, har ma'aikaciyar jinya ta kore mu waje. Kai ka ce alƙalin yana bayana, kafaɗata ta kare shi. Ni na ce ko da an ba ka ukun, ai canjaras ne kawai, ba cin kofi ba. Ka ce da an shiga ƙarin lokaci da kun yi mana kaca-kaca, don harshenmu ya riga ya zazzago. Ka taɓa jan ni ajinka bayan an tashi, ka zana filin a allo da alli, da kusurwoyi da kibiyoyi, na ce ban taɓa ganin malamin lissafin da biyu da uku suka gagare shi ba sai kai. Babu wanda ya ɗauki hoton wasan. Alƙalin ya rasu tuntuni. Zauren da aka yi wasan ma an shafe layukansa an jera kujerun jarrabawa. Ba mu da inda za mu kai ƙara, sai junanmu.

Kada mai karatu ya ɗauka musu ne kaɗai halinka. Na gan ka ka goya mahaifiyarmu a bayanka ka hau da ita bene a asibiti, ranar da na'urar hawa ta tsaya, kana ba ta labari don kada ta ji kunya. Na ga kwandon da ka kafa a bangon makarantarku da hannunka, kana tsayawa bayan an tashi kana koya wa yara jifa. Yaran da ake bugun hannunsu a gida don suna rubutu da hagu, wurinka suke samun mai ce musu ba laifi suka yi ba. Ɗalibinka da ya faɗi jarrabawa kai kake fara zuwa gidansu, kafin uban ya gama fushi.

Amma wanda ba zan manta ba shi ne lokacin da matata ta rasu. Na shige ɗaki na ja ƙofa. Na daina fita aiki, abinci sai an yi da gaske. Kowa ya shigo da sanyin murya yake shigowa, ana lallaɓa ni kamar ƙwai. Kai ma ka yi mini gaisuwa yadda ta kamata. Da abin ya yi tsawo, ran nan ka shigo ka zauna a bakin gado. Can ka ce, "Kaska, na sake tunani a kan maganar nan. Ƙafata fa ba ta taɓa layin nan ba." Ban san lokacin da na tashi zaune ba. Na yi ta zazzaga maka masifa, jijiyar wuyana a tashe, kai kuwa kana ta tura mini kwanon abinci da gefen hannu. Kafin in ankara na cinye. Ranar na fita ƙofar gida.

Shekara biyu da suka wuce hawan jini ya kayar da kai a gaban allo. Ɓarin jikinka na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Aka dawo da kai gida, aka sa maka gado mai ƙarfe a ɗakin da ke kusa da falo, jikin tagar nan mai sanduna da ke kallon katangar maƙwabta. Daga gado zuwa keken marasa lafiya, daga keke zuwa gado. Hankalinka garau, kana jin komai, idonka yana bin kowa. Amma duk kalmomin da ka tara a duniya, guda ɗaya aka bar maka a baki: "To."

Wallahi na sha fita waje in share ido saboda kalmar nan. Mutumin da bai taɓa yarda da magana ba sai ya juya ta ya ga bayanta, shi ne ya koma "to". A tambaye ka ko a rufe taga, to. A ce ko a buɗe, to. 'Yan dubiya su zauna su yi ta magana a kanka kamar ba ka wurin, su ce ai Malam ya yi haƙuri, komai aka ce sai ya ce to. Ni ina ganin yadda hannun hagunka yake damƙe ƙarfen gado.

Tausayi ya rufe mini ido. Ran nan da yamma na zauna kusa da kai na ce, Yaya Bahago, maganar layin nan na bar maka, uku ne, kai ke da gaskiya. Na ɗauka kyauta na kawo maka. Ka dube ni wani irin kallo da har yau ban manta shi ba. Ka ce "to", ka mai da fuska bango.

Daga ranar ka ƙi abinci. Ka ƙi yarda mai gashin ƙashi ya taɓa ka. Yaya ta kira ni, ta tsare ni a kicin, ta ce, "Me ka ce masa?" Da na faɗa mata sai ta dafe kai. Ta ce, "Kai kaɗai ka rage da kake ɗaukarsa mutum mai rai. Yanzu kai ma ka yi masa sallama. Koma ka gyara ɓarnarka."

Na koma ɗakin. Ban gaishe ka ba. Na cire takalmina na ɗora bakinsa a kan layin da ke tsakanin tayil biyu, daidai inda za ka gani. Na ce na janye maganata, rashin barci ne ya sa ni sambatu, ga yadda ƙafarka take, biyu ne ko a gaban wa. Ka juyo a hankali. Ka buga ƙarfen gado da tafin hannu. Ka ɗaga yatsu uku. Na ɗaga biyu. Bakinka ya yi ta motsi, ya karkace, gumi ya keto maka, ni kuwa na ƙi tausaya maka ko kaɗan. Sai ga ta ta fito, da ƙyar, amma sarai: "Ƙarya!"

Yaya tana bakin ƙofa da tire a hannu. Ta zauna a ƙasa tana kuka tana dariya. Ban taɓa jin daɗin an ƙaryata ni ba irin na ranar. Ka ci abinci har ka nemi ƙari da ido.

Likita ya sa mana rai cewa wasu kalmomin za su biyo baya. Ba su biyo ba. Da "to" da "ƙarya" ka ƙarasa kwanakinka, ɗaya ta kowa da kowa, ɗaya tawa ni kaɗai. Duk ƙarshen mako ina zuwa, in ajiye jakar kayan aiki, in cire takalmi, mu koma zauren nan da aka riga aka shafe.

A nan ne ni ma na shiga nawa ɗaurin, kuma shi ne abin da ya tokare ni. Ina da magana da yawa da nake son yi da kai, Bahago. Ina so in gode maka a kan mahaifiyarmu, da riƙon da ka yi wa Yaya, da kwanon abincin nan da ka tura mini. Ina so in ce mu yafi juna. Amma da na sassauta murya sai in ga idonka ya fara komawa bango, don ka san irin mutumin da ake yi wa wannan magana. Sai in haɗiye, in ce biyu ne. Ƙofa ɗaya ce ta rage tsakanina da kai, kuma ba ta ɗaukar komai sai musu. Kai jikinka ya kulle ka, ni kuma layin nan ya kulle ni, muka zauna a ɗaki ɗaya muna kallon juna.

Zuwana na ƙarshe na ga alama. Ka rame, numfashinka yana sama-sama, ko "to" ɗin ba ta fita. Auta, 'yarku, ta ja ni gefe ta ce, "Kawu, in kana da abin faɗa masa, ka faɗa yau." Na zauna, na riƙe hannun hagun, na yi niyyar fara maganar. Ka buɗe ido ka tsare ni da shi, kana jira ka ji da wace murya zan yi magana. Na ce, "Ka taka layi, Bahago." Na ji yatsunka suna motsi a cikin tafina. Ɗaya, biyu, na ukun ya daɗe kafin ya miƙe, amma ya miƙe. Na fita na zauna a mota na yi kukan da rabona da shi tun rasuwar matata.

A wurin gaisuwa tsofaffin 'yan wasa sun zo, na shuɗi da na ja, duk an yi tumbi an yi sanƙo, sun zauna a tabarma ɗaya. Wani daga cikin mutanenku ya dafa ni ya ce yanzu kam ai sai in bar maka ukunka. Wurin ba na musu ba ne. Amma na taɓa bar maka sau ɗaya, na kuma ga abin da ya jawo.

To yanzu da babu bangon da za ka juya wa fuska, ga ta nan. Na gode, Yaya Bahago. Ka zama mini wa, ni da ban tashi da wa namiji ba. Na yafe maka duniya da lahira, ina kuma fata ka yafe mini, har da yammacin nan da na ba ka gaskiya don tausayi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya, wadda ta yi jinyar nan ba ta taɓa ɗaga murya ba sai ranar da ta ɗaga mini, da babban ɗanku, da Auta, da jikoki, da 'yan'uwanka, da ɗalibanka da suka cika layin gidan nan ranar Talata. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka.

Ya Allah, bawanKa ya zo gare Ka daga ƙuntataccen ɗaki. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ya sha da shirun da ya yi su zama kankarar zunubi. Ka saki harshensa wurin amsa tambaya, Ka miƙa masa littafinsa a hannun daman da ya rasa a nan duniya. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka sada shi da iyayenmu a Aljanna, mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani.

In Allah Ya yi mana rahamar haɗuwa a can, za ka tarar da ni da maganar a inda muka ajiye ta, kuma ranar bakinka a buɗe yake, sai ka ƙaryata ni son ranka. Kafin nan dai ban janye ba.

Biyu ne, Bahago.