Makullin Da Aka Manta Ba A Soke Ba

Kafin in shiga gidan yari, "Injiniya" ake kirana a masallacinmu na garin Sterling, ni kuwa sai hura hanci nake. Aikina kula da saba, wato babbar kwamfutar da kamfanoni ke ajiye bayanansu. Daga ɗakina nake shiga. In buɗe manhajar rubuta kod, wato umarnin da ake ba kwamfuta, ta haɗa ni da sabar ta amintacciyar hanya, sai foldoji, wato jakunkunan bayanai, su jeru a gefen hagu kamar a kwamfutata suke.

Da na bar wani ƙaramin kamfani, sun manta ba su soke makullina ba, wato lambar sirrin da nake shiga sabarsu da ita. Wata rana na danna sunan tsohuwar sabar don kawai in gani. Ta buɗe. Maimakon in sanar da su, sai na ja bakina na yi shiru. Yau in leƙa wannan folda, gobe waccan. Daga baya na kwafi aikin wani na kai sabon ofis da sunan nawa. Ban ɗauki kaina ɓarawo ba, tunda ban fasa ƙofar kowa ba. Har cika baki nake a majalisa wai babu inda ba na shiga.

Bayan wata sallar Juma'a, wani Alhaji Sabi'u ya ja ni gefe.

"Injiniya, iyalina ta kwashe yara ta tafi. Wata ƙungiyar mata ce ta ɓoye ta. Adireshi kawai nake so, dattawa su je a yi sulhu."

Bayanan ƙungiyar suna kan tsohuwar sabar nan. Na san ba a ɓoye mace haka kawai, wallahi na sani. Amma ya cusa min ambulan ɗin kuɗi a aljihu, ni kuma na ce wa zuciyata ai gyara aure lada ne. Folda uku na buɗe na ga sunanta, Hajara, da lambar wani gida a Springfield.

Babu dattijon da ya je. Shi kaɗai ya je. Hajara ta yi makonni a asibiti, idonta na hagu bai sake gani ba.

Saba tana rubuta duk wanda ya shiga da makullin da ya shigo da shi. Ta haka aka kama ni. Ni da nake koya wa mutane wannan! A kotu Hajara ta dube ni ta ce, "Malam, ban ma san ka ba. Me na yi maka?" Kunya ta hana ni ɗaga kai.

Na gama zamana na fito, yanzu tuƙi nake a filin jirgi. Na tuba, amma haƙƙin mutum sai shi ya yafe, kuma Hajara ta sake ƙaura. Kafin in roƙe ta sai na nemo inda take, neman nan kuwa shi ne laifina. Dole na haƙura, abin yana cina kullum.

Ku matasa masu koyon aikin nan, ranar da makullin da bai kamata ya buɗe ba ya buɗe muku, kada ku leƙa ko folda ɗaya. Ku kira masu sabar nan take. Kiran minti biyu ne. Da na yi shi, da yau Hajara tana kallon 'ya'yanta da ido biyu.