Gambar Iyakarmu da Hanyar Kamfani

Kamfani na farko da ya taɓa hanyarmu ta zuwa Filinge ya zo ne ina yaro a makarantar lakwal. Ya zuba jan ƙasa ya tafi, damina ta cinye. Na biyu ya jibge tsakuwa, bai dawo ba. Shi ya sa da aka ce na uku na tafe ban tashi daga tabarma ba, sai ranar da na ga an kafa turaku masu jan kai cikin gonata.

Ba ƙasar da hanya za ta ci ce ta dame ni ba, wannan an yi maganarta gaban maigari. Gonata tana iyaka da ta marayun yayana, kuma iyakar layin gamba ce da mahaifinmu ya dasa. Hanyar ta ratso a karkace, ta yanko wani ɗan gefe na gonar marayun ta bar shi a ɓangarena. Nan kuma motoci za su riƙa ratsewa kafin aiki ya ƙare, za a kankare wurin tas. In gamba ta tafi, baɗi zan yi shuka in ci ƙasar maraya ban sani ba.

Abinci ya daina shiga mini. Uwar yaran, matar yayana, ta ce, "Kai dai ba ka rasa abin damuwa. Wurin da bai kai shimfiɗar zane ba?"

Na ce, "Yaya, ko tafin hannu ne, za a tambaye ni."

Na tafi wurin aikin, na tsaya nesa ina gyara maganar a raina, na koma gida ban faɗa ba. Washegari na sake zuwa. Direban katafila, wani Bazabarme mai barkwanci, ya leƙo ya ce, "Baba, aiki kake nema ko mata?"

Shi ya kai ni gun mai kamfanin. Ashe mutumin Kurfai ne. Magini ne a da, ya fara da tsohuwar mota guda yana ɗebo yashi, ya gina azuzuwa da rijiyoyi wajen Bankuku da Damana, har ya kai ga hanya. Ina cikin kame-kame ya tare ni.

"Gamba ce?"

"Ita ce, Alhaji."

"Kan gamba ubana da ƙanensa sunka mutu ba su gaisawa. Mu tai in gani."

Muka taka tare. Na aika aka kira uwar marayun da maigari, don kada a ce ni kaɗai na nuna. Kafin a taɓa ciyawa ko ɗaya, katafila ta ɗauko manyan duwatsu daga inda suke haƙar jan ƙasa, ta ajiye ɗaya a kowace kusurwa. Na sa direban ya matsar da na ƙarshe sau biyu. Ya ce, "Baba, in na ƙara taɓa shi sai ka aura mini ɗiyarka."

Wannan hanya ta zauna. Yau motoci na zuwa har bakin gona ɗaukar wake, mai naƙuda kuma ba a ɗora ta a amalanke. Bana babban marayun ya noma gefen nan da kansa, ya wuce ta gabana da damin hatsinsa a ka, ya tsallaka hanya zuwa rumbunsu. Na ƙirga kunyoyina daga dutse zuwa dutse, babu wadda ta tsallake.