Cittar Baba ba ta kowa ba ce

Jiya a Bur Dubai ƙanshin ɗanyar citta ya buge ni, sai na ji muryar Baba, dattijon nan ɗan Nijar da muka zauna gida ɗaya a unguwar Al Qusais. Shi ya koya mini kamun kifi a teku cikin kayak, ɗan kwalekwalen roba mai cin mutum ɗaya.

Kafin mu shiga ruwa yakan gatsa citta ya miƙo mini saura. "Tauna, ɗana. Kada ka cika ciki, kada ka sunkuya kan ƙugiya. In zuciyarka ta tashi, kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa." Ban taɓa ganin teku ta sa shi jiri ba.

Ranar fitarmu ta ƙarshe, muna dab da gaɓa, na gan shi rungume da filafilin tuƙi yana amai, gishiri ya bushe a gemunsa. Ashe ciwon ajali ne. Wani abokin aikina da ke jiranmu a bakin ruwa ya ɗauke shi a waya, ya watsa wa mutanenmu: "Ga sarkin ruwa!" A gadon asibiti Baba ya gani. Ya kifa wayar.

Yau abokin aikin nan nawa ya ce in shiga da shi teku ranar Asabar, bai taɓa shiga ba. "Abokina, me zan ci kafin mu fita?"

Na ce, "Shinkafar biryani mai maiƙo, ka ci ka ƙoshi. Ni zan ɗauki hoto."

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa kabarinsa ya fi teku faɗi. Mu kuma Allah Ya kai mu Asabar, Ya taso da iska.