Wa Ya Ce Dodon Koɗi Ya Yi Ƙaura?

Ornella, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Mama. Maganar nan da ke manne a bangon makarantarki shekara takwas, wadda aka rubuta sunana a ƙarƙashinta, ba tawa ba ce. Na so in faɗa miki tun kina da rai. Sau uku ina tsayar da kekena a ƙofar gidanki, sau uku ina sake hawa in wuce.

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, kika rasu. Ban ji a bakin kowa ba. Ina dawowa daga makaranta na ga takardar a allon da ke gefen gidan burodi, inda ake manna sanarwar mamata: Ornella Casoli, shekara sittin da bakwai. Na daɗe a tsaye ina tunanin wace ce Casoli, alhali ga hotonki a sama yana kallona. A wurinmu ke Ornella ce kawai. Ba ki taɓa yarda a ce miki Malama ba. In wani sabon yaro ya kira ki haka, sai ki waiga baya ki ce, "Ina take? A kira mana ita ta taya mu wanke buroshi."

Ina da shekara uku aka kai ni wurinki, kuma na kusa shekara biyu ban buɗe baki a makaranta ba. A gida ina magana kaɗan-kaɗan, amma da na shiga ƙofar nan sai harshena ya yi nauyi. Kaka ta ce a kai ni wurin likita, Mama ta zo ta yi miki kuka. Ina jin abin da kika ce mata, don ina ƙarƙashin tebur: "Ku ƙyale ta. Magana take yi, da hannu ne dai take yin ta." Kika miƙo min curin yumɓu nan ƙarƙashin tebur ɗin, ba ki ce in fito ba. Washegari na tarar kin sa min ƙaramar fitila a wurin.

Gwiwoyinki suna ciwo, amma kullum a ƙasa kike zama tare da mu, da ɗan littafinki da fensir a aljihun rigar aiki. Duk abin da yaro ya faɗa sai kin rubuta shi yadda ya faɗa, ko da baibai ne, da sunansa da shekarunsa, sannan a manna a bango. Ba kya gyara wa kowa zane. Ba kya amsa tambaya. In an ce, "Ornella, me ya sa ruwa ba shi da launi?" sai ki ce, "Kai me kake gani?" Wilma, mai dafa mana abinci, takan leƙo daga madafa ta ce, "Shekara talatin muna aiki tare, ban taɓa jin matar nan ta amsa tambaya ɗaya ba. Da ni ce da tuni an kore ni."

"Ke me kike gani, Wilma?"

"Ina ganin miyata tana ƙonewa, tsohuwa!"

Shekarar da muka cika biyar, mun yi sati shida a kan dodon koɗi. Mu muka jawo, don bayan ruwan sama mun tarar da su cike da lambun makaranta. Muka zana su, muka gina su da yumɓu, muka ɗora su a kan gilashi muna kallon cikinsu ta ƙasa. Wata safiya aka tsinci katantanwa wayam, babu kowa a ciki. Wani yaro ya fashe da kuka ya ce ya mutu. Kika zaunar da mu a da'ira, kika ajiye ta a tsakiya, kika tambaye mu ina muke ganin ya tafi.

Ƙawata Dalila tana gefena. Ita kamar rediyo ce, ta riga ta ba da amsa huɗu, har kika ce mata, "Dalila, ara wa wasu bakin nan naki na minti ɗaya." Sai ta sunkuyo ta raɗa min a kunne, ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "Faɗa, ke!" Ban san yadda aka yi ba, na ji muryata ta fito: "Ba mutuwa ya yi ba. Ƙaura ya yi, ya manta da gidansa."

Wilma ta fito da ludayi a hannu tana tambayar muryar wa ta ji. Ke kuwa ba ki tafa ba, ba ki rungume ni ba, kika sunkuyar da kai kina rubutu kamar ba abin da ya faru. Don haka ne, ina jin, na iya sake magana washegari.

Ran Litinin maganar ta hau bango da manyan baƙaƙe, da sunana a ƙasa: Nives, shekara biyar da wata biyu. Ta kowa an sauke da shekara ta ƙare, ita aka bar ta. Baƙin da ke zuwa daga ƙasashe masu nisa su ga yadda kuke koyarwa suna tsayawa su ɗauki hotonta. Mama ta manna nata hoton a jikin firij. Kaka har yau in ta haɗu da mutum a kasuwa sai ta ba shi labari. Ni kuwa duk lokacin da na buɗe firij sai na kau da kai.

Ranar jana'izarki cocin bai ɗauke mu ba, kekuna har bakin titi. Kakana da ya rantse ba zai ƙara taka coci ba sai a akwatin gawa, ya shiga ya zauna a layin baya. A waje na haɗu da Dalila. Yanzu ajinmu daban, mun daɗe ba mu yi hira ba. Idonta jawur, amma bakin yana nan.

"Ga malamar dodon koɗi. Har yanzu sai an zungure ki kike gaisuwa?"

Na ce, "Kin tuna ranar nan?"

"Wace rana? Ni dai na tuna na lashi ɗaya. Kada ki gwada, ba daɗi."

Ban gane ba ko ta manta ne da gaske, ko tana rufa min asiri.

Kwana biyu bayan haka Mama ta aike ni gidanki da tortelli, taliyar nan da ake cusa wa kabewa a ciki. 'Yarki Katia ta karɓa, ta ce iyayen yara za su sa kafinta ya yi benci a lambun makaranta don tunawa da ke, kuma maganar dodon koɗi za a sassaƙa a jikinsa. Ta ba ni takarda in rubuta sunana yadda nake so ya fito, in mayar ran Juma'a. Sannan ta ce, "Zo ki ga wani abu, ƙanwata." Ta jawo kwali cike da littattafanki, ta lalubo na shekararmu, ta bar ni da shi ta tafi ɗora kofi.

Na sami shafin. Ga maganar da rubutunki mai karkata. A ƙarƙashinta, da ƙananan baƙaƙe: "Dalila ta raɗa, Nives ta faɗa."

Ashe kin gani, Ornella. Shekara takwas ina ɗauke da abin da kika sani tun minti na farko.

Tun ranar kaina a ɗaure yake. Ke da ba ki taɓa canza kalma ɗaya ta yaro ba, me ya sa kika cire sunan Dalila a bango? Don ni kika yi ƙarya? Ko a wurinki ba ƙarya ba ce, tunda bakina ne ya faɗa? Ko kin ga ita tana da maganganu ɗari a bango, ni ba ni da ko ɗaya? Ko kuwa jira kike in zo da kaina in faɗa, ni kuma na yi ta wucewa a keke? Wani lokaci ina jin haushinki, sai kuma in ji kunyar jin haushin wadda ta rasu. In da ba ki yi haka ba, ban sani ba ko yau ina magana. Na san in da kina nan ma ba za ki amsa min ba.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki kurakuranki, in ma wannan yana cikinsu. Ya ba ki hutawa, ya saka miki da alherin duk yaron da kika zauna a ƙasa dominsa. Ina yi wa mijinki Baba Ermes ta'aziyya, da Katia da 'ya'yanta, da Wilma wadda yanzu ba ta da abokiyar faɗa, da yaran da ke makarantar da har yanzu suke tambayar yaushe za ki dawo. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Jiya na mayar wa Katia takardar a ninke. Ban rubuta sunana ni kaɗai ba, na kwafi abin da ke cikin littafinki, duka biyun, yadda kika rubuta. Mama ba ta sani ba tukuna. Za ta gani ranar da aka kawo bencin, kuma zan tsaya a kusa da ita.